Amsa: me ya sa 'yan sama jannati ke shawagi a cikin tasharsu?

Ɗan'uwa ka tambaya ko don babu ƙarfin jan ƙasa a can sama ne suke shawagi. A'a wallahi yana nan, sosai ma. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa kusan kilomita 400 ne kawai tsakaninta da mu, a wannan tsayin kusan kashi 90 cikin 100 na jan da duniya ke yi yana nan daram.

Faɗowa suke yi, su da tashar gaba ɗaya, sai dai tana sheƙa gudu a kaikaice wajen kilomita 28,000 a awa, to kafin ta iso ƙasa ita ƙasar ta riga ta lanƙwashe a ƙarƙashinta tunda duniya a mulmule take, haka za ta yi ta faɗowa ba ta taɓa ƙasa ba, duk minti 90 ta zagaye duniya. Tunda mutum da ɗakin da yake ciki tare suke faɗowa, ba abin da ke tokare ƙafarsa, shi ya sa ba ya jin nauyinsa.

Wata ma haka yake zagaya mu. In kana son ka fahimci wannan sosai, ka fara da dokokin motsi 3 na Newton, wato masanin kimiyyar nan na Ingila Isaac Newton, kar ka tsallake su don Allah.