Firinta na fitar da layi-layi bayan an ƙara tawada

Malam, ka ce ka cika kartush (mazubin tawada) na firintarka ta HP da sirinji amma rubutu na fita a yayyanke. Galibi tawada ce ta bushe a ƙananan ramukan bakinsa, ga zafin Maradi ga ƙurar hunturu. Ciro shi, ka jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan batir mai ɗumi, wanda babu asid, ka dangwala bakin har tawada ta fito shar. Kada ruwa ya taɓa jan ƙarfen nan na bayansa. Amma fa in ka daɗe kana bugawa babu tawada, ya ƙone, sai sabo, don da zafi HP ke feso tawada. Nan gaba ka riƙa buga ko shafi ɗaya duk mako.