Ɗaga ƙarfe da ciwon gwiwar hannu: amsoshin Likita

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 34, ina ɗaga ƙarfe a Tudun Wada, irin namu na siminti da ake zubawa a gwangwanin fenti. Wata biyu ke nan gwiwar hannuna ta dama na ciwo ta gefen waje. Ko buta na ɗauka zan yi alwala sai in ji kamar an soka min allura. Karaya ce?

Amsa: Wa alaikumus salam. Da wuya ta zama karaya. Abin da ka kwatanta shi ne ciwon da ake kira gwiwar ɗan tanis, duk da cewa yawancin masu fama da shi ba su taɓa buga tanis ba. Tsokokin da ke ɗaga tsintsiyar hannu suna haɗuwa a jijiyar da ke manne da ɗan ƙashin nan da ya taso a wajen gwiwa. Yawan damƙar ƙarfe, ko ƙara nauyi da gaggawa, shi ke sa jijiyar ta gaji ta fara tsagewa kaɗan-kaɗan. An fi ganinsa a tsakanin shekara 30 zuwa 50. Shi kuwa ƙarfen siminti, sau da yawa gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi, hannu guda ke shan wahalar.

Kada ka rataye hannun ka zauna. Ka dakatar da duk ɗagawar da ke tayar da ciwon, sannan ka fara wannan: ɗora hannun a kan tebur, tafin yana kallon ƙasa, tsintsiyar ta leƙo bakin tebur. Riƙe ƙaramar gorar ruwa. Da lafiyayyen hannun ka ɗaga tsintsiyar sama, sai ka sake ta ta sauko da kanta a hankali kana ƙirga biyar. Sau 15, zagaye uku, kowace rana. Ɗan zafi ba laifi, amma in ka wayi gari ciwon ya ƙaru, rage ruwan gorar. Idan ya yi tsami, sa ƙanƙara a tsumma ka ɗora na minti 15.

Tambaya: Likita, abokina a Kawo an yi masa allura a gwiwar, kwana uku ya koma jim, wato wajen ɗaga ƙarfe. In je a yi min?

Amsa: Ɗan'uwa, ban ba ka shawara ba. Allurar kotizon, wato maganin rage kumburi da ake yi a gwiwar, tana kashe zafin na 'yan makonni, wannan gaskiya ne. Amma bincike ya nuna bayan shekara guda ciwon ya fi dawo wa waɗanda aka yi wa ita. Zafin ya tafi, jijiyar ba ta warke ba, mutum ya koma ɗaga nauyi a kanta. Abin da ke damuna ke nan. Kusan mutum takwas zuwa tara cikin goma suna warkewa cikin shekara ba tare da tiyata ba. Ka nemi masu gashin ƙashi a Asibitin Barau Dikko ko na Shika, su tsara maka motsa hannu. Ranar da za ka iya musabaha da murɗa marfin kwalba ba zafi, ka koma da rabin nauyin da ka saba, kana ƙarawa kaɗan duk mako.

Tambaya: Ni ba na ɗaga ƙarfe, amma tuƙin tuwo da matse wanki sun sa ciwon gwiwar hannu ya hana ni sakat. Ina shan diclofenac kullum, kuma an ce in je a yi min tsaga.

Amsa: Hajiya, ciwon ɗaya ne, kuma motsa hannun da na faɗa a sama zai yi miki. Tsaga ba ta kai wa jijiyar, sai dai ta bar miki gyambo. Ki daina shan ƙwayar kullum, tana ɓata ciki da ƙoda; na shafawa ya fi miki sauƙi. Yara su karɓi matsar wankin na ɗan lokaci. Idan kuma gwiwar ta kumbura ta yi ja da zazzaɓi, ko yatsunki na mutuwa, ko hannun ya ƙi miƙewa, wannan wata matsala ce daban, ki zo asibiti a duba ki a ranar.