Tambayoyinku: Haɗa Ƙananan Samfuran Jiragen Ruwa

Wasiƙun da suka taru a wannan karon sun karkata ga sha'awar haɗa ƙananan samfuran jiragen ruwa, wato a ɗauki jirgi na gaske a ƙanƙanta shi bisa ma'auni, a gina shi da katako ko roba ba tare da an sauya siffarsa ba. Na zaɓi guda biyar daga cikinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ga hoton samfurin jirgin yaƙin Ingila mai suna Victory, ya burge ni ƙwarai, har na ƙudura in sayi kayan haɗa shi in fara da shi, ko da yake ban taɓa haɗa kowane jirgi ba. Na kuma ga ana rubuta 1:350 ko 1:700 a jikin kwalayen, ban gane ma'anarsu ba. Ina neman shawara.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara da lambobin, domin su ne tushen wannan sana'a gaba ɗaya. Idan an rubuta 1:350, ana nufin kowace santimita ɗaya a jikin samfurin tana wakiltar santimita 350 a jikin jirgin gaske. Jirgin Titanic, wanda ya nitse a shekarar 1912, tsawonsa mita 269 ne, saboda haka samfurinsa a ma'aunin 1:350 zai kai kimanin santimita 77, a ma'aunin 1:700 kuwa ba zai wuce santimita 38 da ɗoriya ba. Ka ga ke nan duk lokacin da lambar baya ta ƙaru, samfurin raguwa yake yi. Mutum mai matsakaicin tsawo, idan aka ƙanƙanta shi a 1:700, zai koma milimita biyu da rabi, a 1:350 milimita biyar, a 1:48 kuma ya haura santimita uku da rabi, har ka iya zana masa fuska. Wannan ma'auni ba a kan tsawon jirgi kaɗai yake aiki ba, yana hawa kan kowace igiya da kowace ƙofa da kowane tsani. Igiyar da kaurinta ya kai santimita biyar a jirgin gaske, a ma'aunin 1:100 zare ne mai kaurin rabin milimita, kuma idan ka sa wanda ya fi haka kauri, idon mai kallo zai ji akwai abin da bai zauna daidai ba, ko da bai iya faɗin mene ne ba.

Game da Victory kuwa, shawarata ita ce ka jinkirta shi, kuma ina faɗin haka ne don ina so wata rana ka gama shi. Jirgi ne da aka saka a ruwa a 1765, ya yi yaƙin Trafalgar a 1805 ɗauke da igwa 104, har yanzu kuma yana ajiye a Portsmouth. Kowace igwa tana da keken katako mai ƙafa huɗu da igiyoyin da ke riƙe ta, sannan tsanukan igiya da matuƙa ke hawa zuwa saman dogayen sandunan jirgin suna buƙatar ƙulli dubbai, kowanne da hannu za a ɗaura shi. Masu ƙwarewa ma sukan shafe shekaru a kansa. Abin da ya fi faruwa ga sabon shiga shi ne ya yi wata biyu yana fama da gangar jirgin, ya ga ta karkace, gwiwarsa ta yi sanyi, kwalin ya koma saman kabad. Ka nemi ƙaramin kwalekwale ko jirgin kamun kifi mai sanda ɗaya, a babban ma'auni wanda yatsunka za su iya riƙe sassansa, ka gama shi cikin 'yan makonni, kurakuransa su zama darasinka. Idan kuma jiragen ƙarfe na zamani ne suka fi jan hankalinka, na roba a ma'aunin 1:350 ya fi na 1:700 sauƙi ga mai koyo, duk da cewa na 1:700 ya fi yawa a kasuwa tun da kamfanonin Japan, irin su Tamiya da Hasegawa, suka fara fitar da jerinsu a 1971. Da rarrafe yaro kan tashi.

Tambaya: Malam, na fara haɗa jirgin katako, na kafa ƙashin bayansa da haƙarƙarinsa lafiya, amma da na zo jera siraran falankan jikinsa sai suke karyewa a wajen goshin jirgin, waɗanda ba su karye ba kuma suna hawa kan juna ko su bar giɓi. Ina kuskuren yake?

Amsa: Ɗan'uwa, kuskuren ya faru tun kafin ka ɗauki falanki na farko, kuma kusan kowa ya taɓa yin sa. Haƙarƙarin da ke zuwa cikin kwali an yanka gefensu a miƙe, alhali jikin jirgi lanƙwasa yake yi yana tsukewa zuwa goshi da baya. Idan ka ɗora falanki a kan gefen da ba a gyara ba, kan kusurwa kawai zai zauna, gam ba zai sami wurin kamawa ba, kuma a daidai wannan kusurwar zai karye. Abin yi shi ne ka naɗe sanfefa a jikin dogon katako mai ɗan laushi, ka riƙa goga haƙarƙari uku ko huɗu a lokaci guda, kana bin lanƙwasar jirgin, sannan ka ɗauki falanki ɗaya ka kwantar da shi a wurare daban-daban kana leƙawa ta ƙarƙashinsa. Duk inda haske ya ratso tsakaninsa da haƙarƙari, aiki bai ƙare ba. Wannan gugar takan ci kwana biyu ko uku, babu mai ganinta bayan an rufe jirgin, amma ita ce ke yanke hukuncin yadda gangar za ta fito.

Abu na biyu shi ne lissafin faɗi. Ɗauki siririyar takarda ka auna gefen haƙarƙarin tsakiya daga sama zuwa ƙashin baya, sannan ka auna na kusa da goshi. A ce na tsakiya ya ba ka milimita 100, na goshi kuma 60. Idan falankanka masu faɗin milimita biyar ne, guda 20 za su rufe tsakiya, kuma waɗannan 20 ɗin dole su shige cikin milimita 60 a goshi, wato kowanne sai an fere shi ya koma milimita uku a can. Wanda bai fere ba shi ne yake ganin falanki na hawa kan ɗan'uwansa. Ka sa alama da fensir a jikin kowane haƙarƙari, ka fere gefe ɗaya kawai na falankin, kuma kada ka bar bakinsa ya yi tsini kamar allura. Masu aikin sun saba kada a rage shi ƙasa da rabin faɗinsa na asali.

Karyewa kuwa maganinta ruwa da zafi. Jiƙa falankin a ruwan ɗumi na kimanin minti 15 zuwa 30, ka lanƙwasa shi a hankali a jikin ƙarfe mai zafi, ko ka ɗaure shi a bakin kofi ko gwangwani ya kwana, har ya riƙe siffar da kake so da kansa. Kada ka manna shi yana jiƙe, domin katako yakan kumbura da ruwa, idan ya bushe ya tsuke ya bar maka giɓi. Falankin da aka shirya da kyau yakan kwanta a wurinsa ba tare da an danne shi da ƙarfi ba, ɗan farin gam na kafinta da 'yan allurai sun ishe shi. Ka kuma riƙa jerawa ɗaya a dama ɗaya a hagu, saboda idan ka gama gefe guda kafin ɗayan, jan da katakon ke yi zai murɗe ƙashin bayan jirgin.

Tambaya: Ɗana mai shekara 12 ya nace sai na saya masa kayan haɗa jirgi. Ni kuwa ina ganin wasan yara ne da zai cinye masa lokacin karatu. Shin akwai wani amfani a ciki?

Amsa: 'Yar'uwa, damuwarki a kan karatunsa daidai ce, amma abin ya girmi wasan yara nesa ba kusa ba. A 1920 masu tonon kayan tarihi sun buɗe wani ɗaki a kabarin Meketre, wani babban jami'in tsohuwar Masar, kusa da Luxor, suka tarar da ƙananan jiragen katako da matuƙansu, waɗanda aka sassaƙa kusan shekara 4,000 da suka wuce. Yau wasu suna Alƙahira, wasu suna New York. A Ingila ta ƙarni na 17 da na 18 an riƙa gina samfuran jiragen yaƙi, galibi a ma'aunin 1:48, da irin ƙwarewar da har yanzu masana ke komawa gare su a gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich don sanin yadda aka gina jiragen wancan zamani. Fursunonin yaƙi na Faransa da aka tsare a Ingila lokacin yaƙe-yaƙen Napoleon sun riƙa haɗa jirage da ƙasusuwan naman da ake ba su, suna sayarwa don samun abin kashewa, kuma aikin nasu yana cikin mafi daraja a gidajen tarihi.

Yaron da ya zauna ya haɗa jirgi ɗaya zai yi rabawa da ninkawa, zai koyi karanta zane da bin umarni daki-daki, zai kuma koyi jiran gam ya bushe, wanda ba ƙaramin horo ba ne ga mai shekara 12. Ki ware masa lokaci bayan ya gama aikin makaranta. Abin da nake roƙonki shi ne ki kula da wuƙar yanka, wadda kaifinta kamar reza yake, da gam mai saurin kamawa da ke manne yatsu kuma yake da haɗari ga ido, sannan gam ɗin roba da fenti a yi amfani da su inda iska ke shiga da fita.

Tambaya: Na haɗa jirgi mai injin batir don in riƙa tuƙa shi da rimot. A kan tebur kyakkyawa ne, amma da na sa shi a ruwa sai ya yi sama kamar kwalba, da ya juya kuma ya kife. Me zan yi?

Amsa: Malam, jirginka nauyi yake nema, kuma a ƙasa yake neman sa. Tsawo yana raguwa da lambar ma'auni sau ɗaya, nauyi kuwa sau uku, domin tsawo da faɗi da zurfi duk sun ragu tare. Jirgin da nauyinsa ya kai tan 10,000, idan aka ƙanƙanta shi a 1:100, sai a raba da 100 har sau uku, abin da ya rage kilo 10 ne, kuma sai samfurin ya kai wannan nauyin kafin ya nitse zuwa layin da ruwa ke tsayawa a jikin jirgin gaske. Sa shi a baho, ka riƙa jera ƙananan ƙarafa a can ƙasan cikinsa har ruwa ya kai layin gaba da baya daidai, sannan ka manne su don kada su gangara gefe guda. Batir ma ya sauka ƙasa, ginin sama kuma a yi shi da abu marar nauyi. Wannan matsala ta taɓa cin jirgi na gaske: Vasa na ƙasar Suwidin ya kife a 1628 a tafiyarsa ta farko, bai ko fita daga tashar Stockholm ba, saboda samansa ya yi nauyi kuma abin da aka zuba a ƙasansa bai isa ba. Sai a 1961 aka ciro shi.

Ka duba gudunsa kuma. Injiniyan Ingila William Froude, wanda ya gina tafkin gwajin samfuran jirage a Torquay a farkon shekarun 1870, ya nuna cewa gudun samfuri yana bin tushen lambar ma'auni ne, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da ma'aunin. A 1:100 wannan lamba 10 ce, don haka jirgin da ke gudun kilomita 50 a awa, samfurinsa kilomita biyar ya kamata ya yi. Idan naka ya zarce haka sosai, ko an daidaita nauyinsa zai iya kifewa a kwana.

Tambaya: Malam, jirgin da na gama shekara uku da suka wuce igiyoyinsa sun saki, ƙura ta kama su, wasu ƙananan sassan ƙarfe kuma sun fara fitar da farin gari.

Amsa: Baba, zaren auduga yana shan laima daga iska, yana miƙewa yana tsukewa da sauyin yanayi, shi ya sa ake jan sa a kan kakin zuma kafin a ɗaura, abin da ke kwantar da gashinsa ya rage kama ƙura. Waɗanda suka saki ku kwance su ku sake ɗaurawa ɗaya bayan ɗaya da hantsaki, kuna farawa daga tsakiyar jirgin zuwa waje, ba tare da kun ja har sandar ta karkata ba. Ƙurar kuma burushin fenti mai laushi ne maganinta, kada ku kusance ta da tsumma.

Farin garin ya fi damuna. Alama ce cewa sassan na dalma ne, kuma dalma takan ci idan tururi mai tsami da wasu katakai da gam da fenti ke fitarwa ya taru a kanta, musamman a cikin akwatin da aka toshe ruf. Garin guba ne, kada ku hura shi, ku wanke hannu bayan kun taɓa, kuma ku nisanta shi da yara. Sashen da ya fara ci ba ya dawowa, sai dai a cire shi a maye gurbinsa da na tagulla ko na katako. Idan za ku sa jirgin a akwatin gilashi, wanda shi ne ya fi dacewa da shi, ku bar 'yan ƙananan huji a ƙasan akwatin don iska ta riƙa zagayawa, ku kuma ajiye shi inda hasken rana ba ya dukansa kai tsaye, domin rana tana koɗar da fenti tana busar da zare har ya tsinke.