Tambaya da Amsa: A Gyara Shafin Intanet na Shago ko a Rushe a Sake Sabo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari. An yi mini shafin intanet tun 2017. Yanzu yana nauyin buɗewa, a waya rubutun ƙanana ne sai an ja da yatsa, kuma a sama yana nuna "Not secure". Wani yaro ya ce gyara kawai yake so, wani ya ce a rushe a yi sabo, kuɗinsa ninki uku. Wa zan bi? Daga wani Alhaji a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Duk abubuwa ukun da ka lissafa babu wanda shi kaɗai ya isa a rushe shafi. Fenti ne da ƙofa, ba harsashin gini ba.

Gargaɗin nan na sama shi ne mafi sauƙi. Tun Yulin 2018 Chrome ke manna shi a kan duk shafin da adireshinsa ya fara da http maimakon https. Maganinsa takardar tsaro, wato shaidar da ke mayar da adireshin zuwa https, kuma wata hukuma mai suna Let's Encrypt na bayar da ita kyauta; yawancin kamfanonin da ke ajiye shafuka a kwamfutocinsu suna sabunta ta da kansu. Inda ake yin tuntuɓe shi ne a saka takardar amma a bar hotunan ciki suna amsa tsohon adireshi, sai ka ga wasu sun ƙi fitowa. Dole a bi a sauya su duka.

Nauyi kuwa, kusan kullum hotuna ne. Yaron shago ya ɗauki turmin atamfa da waya, hoton ya kai megabait huɗu, ya ɗora shi haka. Guda ashirin a shafi ɗaya sun zama megabait tamanin, mai saye da ke Gusau da datar naira ɗari biyu ya gudu tun kafin zanen ya bayyana. A rage faɗin kowane hoto zuwa fiksel 1200, a mayar da shi WebP, wani nau'in hoto mara nauyi, nauyinsa ya dawo kilobait 200 ko ƙasa, kuma zaren leshin zai fito sarai. Ka sa adireshinka a PageSpeed Insights na Google, kyauta ne. A ma'auninsu, babban abin da ke shafin ya kamata ya bayyana cikin daƙiƙa biyu da rabi.

Ƙananan rubutu a waya alama ce rigar shafin, wato tsarin da ke ba shi kamanni, don allon kwamfuta aka ɗinka ta. Wannan ya fi sauran muhimmanci, domin Google yanzu fuskar shafin ta waya yake dubawa wajen jera sakamako. Amma idan da manhajar gina shafi ta WordPress aka gina, riga ake sauyawa, rubutu da hotuna da jerin kaya suna nan daram.

To yaushe ake rushewa? Idan harsashin ne ya mutu. Ka sa a shiga ɗakin gudanarwa, wato inda ake sarrafa shafin daga ciki, a gabanka, a buɗe sashen Site Health na WordPress, a karanto maka lambar PHP, manhajar da WordPress ke gudana a kanta. In 7.4 ce ko ƙasa da haka, masu ita sun daina toshe mata ɓaraka tun Nuwamban 2022. Ɗaga ta aikin minti kaɗan ne, sai dai tsohuwar riga da ƙananan manhajojin da aka liƙa wa shafin suna iya ƙin sabuwar, shafin ya koma fari fat. Shi ya sa ake gwadawa a kwafi, ba a kan shafin da masu saye ke gani ba. In an gwada a kwafi ya tashi, gyara ne. In manhajoji da yawa sun faɗi kuma masu su sun yi shekaru ba su taɓa su ba, kowace faci sai ta haifi wata.

Akwai waɗanda ba sa buƙatar dogon nazari. Shafin da aka gina da Joomla 3, wata manhajar gina shafi irin WordPress, an daina kula da ita a Agustan 2023. Takwararta Drupal 7 ta bi sahu a Janairun 2025. Duk abin da ya dogara da Flash, tsohuwar manhajar nuna bidiyo da hotuna masu motsi, ya mutu tun ƙarshen 2020. Sai kuma rigar sata, irin ta kuɗi da aka sauke kyauta daga wani lungu na intanet. Sau da yawa da ƙofar ɓarawo take zuwa a ciki, ka wayi gari shafin atamfarka yana tallan caca. Araha ba ta ado. Irin wannan ko an wanke yakan dawo, gara a fara daga tsaftataccen wuri.

Ka tambayi mai son rushewa ya nuna maka wanne daga cikin waɗannan ya gani. In amsarsa ita ce "ai ya tsufa", ka riƙe kuɗinka.

TAMBAYA: Yaron da ya yi mini shafin turaren wuta ya tafi karatu, ba ya ɗaukar waya, kuma ba ni da kalmar sirri ko ɗaya. Daga wata Hajiya a Maiduguri.

AMSA: Hajiya, naki ya fi na Alhaji gaggawa. Makullai uku ne: na sunan shafin, na ma'ajiyar da yake zaune, wato kwamfutar kamfanin da ke ajiye shi, da na ɗakin gudanarwa. Na farkon ne jigo, don haya ake biya duk shekara. Ki sa a duba sunan a WHOIS, rumbun rajistar sunayen shafuka, zai nuna kamfanin da aka yi rajista da ranar ƙarewa. In ya ƙare da .ng ko .com.ng, yana ƙarƙashin NiRA, hukumar da ke kula da sunayen .ng, ta hannun kamfanonin da ta amince da su. Ki tuntuɓi kamfanin da rasidin biya da takardar rajistar kasuwancinki ta CAC. Ba dole su ba ki ba in da sunan yaron aka yi, don haka ki bi ta iyayensa ko abokansa tun ranar ba ta zo ba. Sunan .com in ya faɗi kuma lokacin sassauci ya wuce, akwai kwana 30 na fansa da tara mai tsada, 'yan kwanaki bayan nan kowa na iya saye. In abin ya gagara, sai sabon suna, amma wannan karon da imel ɗinki da lambar wayarki.

TAMBAYA: Mun yanke shawarar sake sabo. Matsayinmu a Google zai ɓace? Daga masu wani shagon gyaran waya a Kaduna.

AMSA: Zai ɓace in kun bar tsofaffin adireshi suna kaiwa kango. Kafin a taɓa komai, ku ɗauki cikakken kwafi, fayiloli da rumbun bayanai, ku ajiye a hannunku. Ku fitar da jerin shafukan da mutane ke shiga daga Search Console na Google, kowane ɗaya a yi masa turawa ta 301, wato turawa ta dindindin, zuwa takwaransa a sabon, ba a tattara su duka a shafin farko ba.

Abin da aka fi mantawa imel ne. In an sauya ma'ajiya ba a kwafe bayanan MX ba, waɗanda ke nuna inda imel zai sauka, saƙonni su daina shigowa shiru, ba wanda zai sani sai dila ya kira yana faɗa. Sauyin kan ɗauki har awa 48 kafin ya game ko'ina, don haka kar ku rufe tsohuwar ma'ajiya sai bayan wata guda, kuma kar ku yi ƙaura ana jajibirin sallah. Ranar buɗewa ku sayi abu mafi araha da katinku ta Paystack ko Flutterwave, ku ga kuɗin sun sauka, sannan ku danna maɓallin WhatsApp: lambar ta fara da 234, ba sifili a gabanta.