Tsami a amya: fara duba 'ya'yan

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kwana uku ke nan kana jin tsami daga bakin amyarka, ƙudajen zuman kuma suna shige da ficensu kamar kullum, kana tsoron ko cuta ce. Na daɗe a kiwon nan, kuma na ga yadda hanci ke ruɗin mutum. Aikinsa ya sa ka buɗe amyar, ido ne zai gaya maka abin da ke ciki.

In ka buɗe, wuce kai tsaye saƙar da 'ya'ya suke. Lafiyayyar tsutsa fara ce tas, tana sheƙi, a nannaɗe a gindin raminta. In wasu sun koma rawaya ko ruwan ƙasa, sun karkace sun narke tun ba a rufe raminsu ba, ga tsami yana tashi, to ruɓar 'ya'ya ce wadda ake kira ta Turai. Ta fi kama amya mai rauni lokacin ƙarancin abinci, kuma sau da yawa amyar tana farfaɗowa in aka ciyar da ita, aka cire saƙar da ta lalace, aka sauya sarauniya.

Wadda ke hana ni barci ita ce ta Amurka. Ita ɗoyi take yi, ba tsami kawai ba. Za ka ga murfin ramin ya lotsa, ya yi duhu, da 'yar huda a jikinsa. Soka tsinken ashana cikin ramin ka juya, ka jawo a hankali. In abin ya biyo tsinken yana yauƙi kamar zare, santimita 2 zuwa 3 kafin ya tsinke, rufe amyar nan take, kada saƙa ko kayan aiki su je wata, ka kira jami'in lafiyar dabbobi. Ƙwayoyin cutar suna yin shekaru gommai a raye cikin katako da kaki, shi ya sa ake ƙona amyar da ta kamu.

Ni kuwa da abin ya same ni, 'ya'yan lafiya lau suke. Sai da na ɗaga saƙar gefe na ga zuma tana kumfa, tana tsiyaya, tana wari kamar ruɓaɓɓen lemu, ga fararen tsutsotsin wani ɗan baƙin ƙwaro mai shiga amya suna ninƙaya a ciki. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin ni na bar musu filin da ƙudajen ba za su iya tsarewa ba. Ko babu ƙwaro, zumar da ba a rufe ba, in ruwanta ya haura kashi 19 cikin 100, tana iya yin tsami, musamman a amya mai laima.

Akwai kuma furannin da ruwansu ke wari yayin da ƙudaje ke busar da shi, an fi jinsa da yamma. Wannan yana wucewa da kansa.

Ka buɗe da hantsi in gari ya ɗumama, ka ɗauki hoton saƙar 'ya'yan daga kusa, ka turo mu gani.