Na dawo Sakkwato, amma ina kewar aikina

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe ina aiki a wani asibitin kuɗi a Abuja. Bayan rasuwar surukina maigida ya ce mu tattara mu dawo Sakkwato saboda Hajiya da ƙannensa. Ba tilasta mini aka yi ba, da hannuna na rubuta takardar ajiye aiki. Yanzu muna Mabera da yara biyu, babbar shekararta 5, ƙaramin bai kai yaye ba. Ina jin daɗin ganinsu a cinyar kakarsu, ga mahaifiyata nan kusa a Runjin Sambo. Amma da na idar da sallar asuba sai in tuna da lokacin karɓar aiki a ɗakin haihuwa, in buɗe akwati in ga fararen kayana a ninke, sai hawaye. Kowa cewa yake na huta. Anti, butulci nake yi wa Allah?
Maman Biyu, Mabera

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan surukinki, ya saka miki da alherin abin da kika yi wa gidan mijinki.

Ba butulci kike yi ba, kuma kada ki bari kowa ya sa miki wannan a rai. Sahabbai sun yi hijira domin Allah, da yardarsu, amma da zazzaɓin Madina ya kwantar da Sayyidina Bilal sai ya riƙa ambaton kwarurukan Makka da duwatsunta saboda kewa. Manzon Allah (SAW) bai tsawata masa ba, addu'a ya yi Allah ya sa musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko ma fiye. Ki riƙe irin wannan addu'ar. Hannun da ya saba karɓar jariri da tsakar dare, a ce masa rana ɗaya ya tsaya ga shara da sanwa, dole ya yi kewa. Masu ce miki kin huta alheri suke nufi, ba su san abin da kika ajiye ba ne kawai.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne ban ji inda kuka yi maganar gaba da maigida ba. Kin ajiye aikin Abuja, ai ba sana'ar kika ajiye ba. Ki samu lokacin da hankalinsa yake kwance, ba gaban Hajiya ba, ki gaya masa abin da kika gaya mini. Ku tsayar da lokaci, ko da bayan yaye ne, kada a bar shi a "sai yadda hali ya yi", don irin wannan maganar takan ci shekaru. Sakkwato na da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Asibitin Ƙwararru, da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, ban da na kuɗi. Kuma ke kin fi ni sanin yadda matanmu ke samun natsuwa in suka tarar da mace mai jin yarensu a ɗakin awo.

Kafin nan, kada ki bar lasisinki na Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ya mutu. In kina da asusun fansho, dokar 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar cire har kashi 25 cikin ɗari in ya yi wata 4 ba aiki. Ni dai da za ki ji tawa, ki bar shi sai in ta kama dole.

Ki kuma lura da babbar yarinyarki, ita ma ta baro ƙawaye da malamarta, sai dai ba ta da bakin faɗa. In ta fara rigima ko fitsarin kwance, a lallashe ta, kada 'yan gida su mai da abin tsokana. Zafin Maris zuwa Mayu kuwa, da yakan haura digiri 40, ba irin wanda suka saba ba ne, kuma lokacin sanƙarau ne. A yawaita ba su ruwa, a kwana inda iska ke shiga, katin rigakafin ƙaramin kuma ki kai shi asibitin unguwa a ci gaba daga inda aka tsaya.