Wanda ake ce wa usta

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce mutumin da ke gyara muku famfo da ƙofa da gado kowa usta yake ce masa, kana tambaya girmamawa ce ko zolaya, tunda ba shi da sana'a ɗaya tsayayya.

Girmamawa ce. Kalmar daga bakin Turkawa ta shigo Sudan, zamanin mulkinsu da ya fara a 1821, kuma gwanin da ya ƙware har yana da yara a ƙarƙashinsa ake nufi. Kakanninmu da suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903 a nan Sudan suka tarar da ita. Su can gida kowa da sunansa, maƙeri, magini, baduku, masassaƙi, kuma sana'a gadonta ake yi. To amma baƙo ba ya zaɓen aiki. Mutum ɗaya shi zai yi wa katanga yaɓen zibala, wato laka da kashin dabbobi, kafin damina ta sauka, shi zai saƙa wa angarib, gadon nan na katako, sabuwar igiya, shi zai sa wa fartanya ƙota lokacin noman auduga a Jazira. Wanda duk hannunsa ya faɗa kan waɗannan, mutanen unguwa suka shaida aikinsa ba ya warwarewa, sai su ba shi sunan. Ba shi ke raɗa wa kansa ba.

Mai kwaɓa ƙasa da miƙa bulo, shi tulba ne, yomiya, wato kuɗin yini, ake biyansa. Wanda kuwa zai kwance maka injin ruwa ya kasa mayarwa, mu ɗan karambani muke ce masa. Kada ka haɗa su da usta.

Abin da ke damuna da ku yaran yanzu shi ne yadda kuke karɓarsa. Idan ya shigo gidanka, shayi kafin aiki. In fatur, wato karin kumallo, ya same shi a nan, kwano ɗaya za ku sa hannu, ba a miƙa masa nasa a bakin ƙofa. In ka tambayi kuɗinsa zai ce bar shi kawai. Kunya ce, iyalinsa na jira. Naɗe haƙƙinsa ka sa masa a aljihu a ranar, ba a gaban yara ba. Gidan tsohuwa ko na marayu ne kaɗai yake gyarawa bai karɓi komai ba, wannan kuwa tsakaninsa da Allah ne.

Ka gaishe min da shi, da mutanen gida.